Mujiyar Asibitin da Ba a Mutuwa

A wannan asibiti ba a mutuwa. Shugaban asibitin ne ya faɗa, kuma gaskiyarsa. Da an ga mara lafiya ya kama hanya sai a sallame shi, a ce wa 'yan uwa jiki da sauƙi, a je gida a ci gaba da shan magani. Abin da zai faru a gida kuwa, tsakanin mutum ne da Ubangijinsa.

Wata tsohuwar nas ce kaɗai ta kasa gane wannan ci gaba. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta ɗauki jakarta mai auduga da safar hannu, ta bi waɗanda aka sallama gida-gida. Ta juya na kwance kada bayansa ya yi gyambo, ta jiƙa masa leɓe, ta koya wa matar gida canza zanin gado ba sai an ɗaga mutum ba. Abokan aiki suka sa mata suna Mujiya, wai duk gidan da ta shiga sai an fitar da gawa. Ba wanda ya tambayi wa ya tura gawar can tun tana numfashi.

Ana dab da ritayarta aka sallami wani tsohon direba. 'Yarsa, ita kaɗai gare shi, ta ji likita ya ce da sauƙi, ta yi hamdala, ta haɗa kaya za ta koma garin da take aiki. Mujiya ta tarar da akwati a bakin ƙofa. Ta saurari numfashin tsohon, ta ji abin da kowa a asibiti ya riga ya sani. Ta kuma san in ta kama bakinta, takardar yabonta na nan na jiranta.

"'Yata, ajiye akwatin nan," ta ce. "Babanki ba zai jira hutunki ba."

"Inna, ke kike raba kwana? Ashe ba banza ake ce miki Mujiya ba."

'Yar ta kai ƙara asibiti, amma ba ta yi tafiyar ba. Maƙwabta sun ce har ranar ƙarshe tsohon yana tsokanar 'yar tasa, wai tana juya shi kamar mai koyon tuƙi. Da hantsi ya cika, hannunsa cikin nata.

Kwamiti ya zauna, ya sami Mujiya da laifin karya zuciyar iyalin mara lafiya da ɓata sunan asibiti. Aka cire ta daga waɗanda za a karrama.

Mujiya, ke ce mai raka baƙo har bakin ƙofa bayan masu gida sun shige ɗaki. Ke ce kika yarda a tsane ki don kada wani tsoho ya mutu yana kallon bango. Mun gode, Allah ya biya ki, tunda nan an ƙi. Masu tasowa ku yi koyi da ita, amma kada ku ɗinka sabon kaya don ranar karramawa.

Bana ma asibitin ya karɓi lambar yabo, saboda ba a mutuwa a cikinsa. Lokacin da ake tafi, Mujiya na durƙushe a wani ɗaki tana matse tawul, bayanta na ciwo. 'Yar direban kuwa har yau in ta hango ta, sai ta tsallaka titi.