Da Sauƙin Inna a Asibitin Lyon

Clichy, kafin asuba

Lokacin sallar asuba bai shiga ba muka fito, ni da Inna, da Sani a bayana, watansa takwas. Abban Sani ya raka mu bakin bis ya juya, don yana da aiki. Sanyi ake yi irin mai shiga haƙori. Na naɗe yaron da bargo biyu, duk da haka ko ina muka tsaya sai na kai hannu baya na taɓa ƙafarsa.

Ku da ke Damagaram kun san hannun Inna na da. Yanzu gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun karkace kamar citta. Likitan unguwarmu ya ce gaɓoɓin ne suka cinye, sai dai lallaɓawa. Ƙanwata Nafisa, autarmu, wadda Kawu ya ɗauko tun tana ƙarama ta yi lakwal, wato karatun boko, a Lyon, ita ta ji ana gwajin wani magani a can ta ba da sunan Inna. In an karɓe ta, wata shida za ta yi wurin Nafisa, don ana awo a kai a kai. In ba a karɓa ba mu dawo tare. Tun da Inna ta zo wankan jegona tana ɗakina, ita ke bambanta kukan yunwa da na ciwon ciki in Sani ya tashi. Ban san yadda zan zauna da shi babu ita ba.

Cikin jirgi

Daga bis muka shiga jirgin ƙasa na unguwa, muka sake wani a ƙarƙashin ƙasa, sai babbar tashar da ake tashi zuwa Lyon. Jirgin awa biyu yake yi, ba ya girgiza ko kaɗan. Mai duba tike ya zo, Inna ta yi ta fama da zif ɗin jakarta, na buɗe mata. Na saya mata shayi a ɗan kofin takarda, kuɗinsa zai yi mana cefanen miya a kasuwar Château Rouge. Ni na riƙe mata kofin tana kurɓa.

Hira kuwa ɗaya ce daga Paris har muka sauka. Auta ta ce kaza, Auta ta san manyan likitoci, Auta ko barci ba ta yi saboda karatu.

Na ce, "Inna, ni ma ba na barci."

Ta ce, "Ke ai ɗa ne ya hana ki, kowa ma haka."

Na juya ga taga. Gonaki ne kore shar da fararen shanu, ba makiyayi ko ɗaya.

Lyon

Nafisa na jiran mu da doguwar kwat da ƙaramar jaka ta fata. Ta sumbaci Inna a kumatu biyu, Inna ta tsaya mata har da dariya. Da ni na gwada haka da na sha ranƙwashi. Hausar Nafisa rabinta Faransanci ne, ta ce, "Yaya, kin yi ƙiba." Na ce shayarwa ce, ranarki na nan tafe.

Ɗakinta ɗaya ne a hawa na huɗu, amma akwai asansar, mai kai mutum sama ba da taka matakala ba, namu na Clichy kuwa kullum a lalace. Ta saya wa Inna sabuwar katifa da cokali mai kaurin mariƙi. Inna ta yi ta juya cokalin tana sa albarka. Wata takwas ina yanka mata nama ƙanana a kwano, ban taɓa jin albarka mai tsawon wannan ba.

Asibiti

Washegari da hantsi muka shiga taram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa asibitin. Likitar mace ce, mai furfura da tabarau. Ta bi yatsun Inna gaɓa gaɓa tana dannawa tana kallon fuskarta, fuskar Inna ko gezau. Aka ɗauki hoton ƙashi. Aka ba ta wani ƙarfe mai agogo ta matse iya ƙarfinta, allurar agogon da ƙyar ta motsa. Sai tambayoyi, Nafisa na fassarawa: tana iya murɗa makulli, tana iya ɓalla maɓalli, tana iya yanka da wuƙa.

Kowace tambaya Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Faransancina na kasuwa ne, amma na ji abin da Nafisa ke mayarwa. Cewa take jikin ya yi kyau, ciwon ya ragu.

Daga nan likita ta kawo takarda mai layi ɗaya a miƙe. Wannan bakin babu ciwo, wancan bakin ciwon da ya fi kowane ciwo, Inna ta sa alama inda nata yake. Inna ta kama biro da hannu biyu ta ɗiga ɗan ɗigo kusa da bakin babu ciwo. Likita ta auna da ɗan ma'auni, ta cire tabarau ta yi wa Nafisa bayani a hankali. Gwajin na waɗanda ciwonsu ya kai wani mizani ne, don in ciwo kaɗan ne ba za a gane ko maganin ya rage shi ba. A yadda Inna ta nuna, ba ta ciki.

Wallahi daɗi na ji, har cikin cikina. Na ga mu cikin jirgin yamma, Inna na gefena, katifar Nafisa ba kowa a kai. Ba sai na yi ƙarya ba, shiru kawai zan yi, kuma ba wanda ya tambaye ni. Na sunkuya ina gyara wa Sani hula.

Sai Inna ta so ajiye biron. Yatsun suka ƙi sakinsa, ta sa ɗaya hannun tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin mayafi don kada a gani.

Na ce, "Nafisa, gaya mata a wurinmu ko mutum na kan gargara aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce. Gaisuwa ce."

Inna ta ce, "Ke, wa ya sa da ke?"

Ban dube ta ba. Na ce a gaya wa likita da asuba sai na jiƙa hannun a ruwan ɗumi kafin ta iya alwala. Carbi ta daina ja, da baki take ƙirga. Ba ta ɗaukar Sani sai na ɗora mata shi a cinya.

Nafisa ta dubi hannun Inna, sannan ta fassara. Likita ta ce maganata ba ta shiga awo, dole alamar ta fito daga hannun mai ciwon. Ta kawo sabuwar takarda, ta ce a tambayi Inna me ya sa ta zaɓi can.

Inna ta ce, "Wanda Allah ya bar wa ido da ƙafa, ya je ya cika layi da ƙorafi? Kuma ciwon da ya fi kowanne ai ba a duniya yake ba."

Na ce, "Inna, ba Allah za ki kai ƙara ba. Awo ne, kamar na mai ɗinki. In kin rage, rigar ba za ta shige ki ba."

Ta harare ni ta daɗe. Sannan ta ɗauki biron ta wuce tsakiyar layin sosai ta ɗiga, tana istigfari.

Aka karɓe ta. Likita ta ƙara da cewa rabin mutanen za a ba su maganin gaske, rabi ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki, kuma ita kanta ba ta san na wa ne wanne ba sai an gama. Wato mai yiwuwa a kan garin banza na ba da uwata wata shida.

A bakin ƙofa Inna ta dafa kafaɗar Nafisa ta ce Allah ya yi wa Auta albarka da ta samo wannan hanya. Ni kuwa ta ce mini bakina ba shi da ƙofa, na tona mata asiri gaban Baturiya.

Komawa

Jirgin la'asar na biyo, ni da Sani. Ya yi kuka tun daga Lyon har kusan rabin hanya, na ba shi nono ya ƙi, na duba kunzugu ba komai, wani mutum mai jarida ya tashi ya canja kujera. Ban gane ko na yunwa ne ko na ciki ba, na yi ta jijjiga shi a tsakanin taragu har ya gaji ya yi barci. Bayan isha muka iso Clichy, na hau bene da ƙafa, Abban Sani ya karɓi jaka.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa likitar da ta kawo takarda ta biyu, da Kawu da ya biya tike. Nafisa ma na gode mata, tunda an ce a gode.

Kwana uku bayan nan Inna ta kira. Ta ce in sa mata angonta a waya, ta yi wa Sani wasa ya yi ta ɓangala dariya. Sannan ta rage murya ta ce yarinyar nan ta tuƙa mata tuwon semul jiya, da cokali aka sha shi. Kullum bayan salla ina roƙa wa Inna ƙwayar gaske da lafiyar hannu. Tuwon Nafisa dai ban sa shi cikin addu'a ba tukuna.