Sunana a Sheƙar Shamuwa

Shekarun baya, da na gama lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram na rasa aikin yi, sai na koma gida Gidimuni da wani ɗan injin liƙe ruwan leda. Lokacin ba mai wannan sana'a a garinmu, sai dai a kawo daga birni ranar kasuwa. Na sa aka buga mini leda mai shuɗin rubutu, sunana da manyan baƙaƙe, har da lambar waya. Ranar da ta iso na daɗe ina kallon sunan nan kamar wanda aka ba minista. Har hula na fara karkatawa.

Kasuwa ta karɓe ni. Masunta a bakin tafki, masu lambu, 'yan tasha, kowa ya sha ya yar. Ni kuwa in na ga ledata a ƙasa daɗi nake ji, ina cewa talla ce ta kyauta.

A tsakar gidanmu akwai tsamiya da shamuwa ke sauka kowace shekara gab da damina. Mahaifiyata baƙinta ta ɗauke su. Ba a jifarsu, ba a daka a gindin itacen in sun yi ƙwai, kashinsu kuma ita ke sharewa ba ƙorafi. Ta ce tun tana amarya take ganinsu a nan.

Damina ta uku da fara sana'ar, wata rana da hantsi ta aika a kira ni. Na same ta tsaye a gindin tsamiyar, ta ɗaga kai. Wani ɗan shamuwa na lilo daga bakin sheƙa, kai ƙasa, wani abu ya ɗaure masa ƙafa. Uwar na ta kewayawa a sama.

"Hau ka sauko da shi," ta ce.

"Inna, da wannan shaddar?"

Ko kallona ba ta yi ba. Na tuɓe riga na hau.

Na zaci ƙirare zan tarar. Rabin sheƙar leda ce da zaren buhu. Wata leda ta murɗe ta zama igiya, ta ci naman ƙafar ɗan tsuntsun har ƙashi. A gefe ga ɗan'uwansa ya riga ya bushe, da guntun leda a bakinsa. Na yanke igiyar na sauko da mai ran. Mahaifiyata ta shafa masa man shanu, ta naɗe ƙafar da tsumma, tana ɗiga masa ruwa da yatsa. Bai kai la'asar ba.

Sai ta ɗauki ledar da na yanko, ta warware ta, ta shimfiɗa a gwiwarta. Ni ɗan fari ne, tunda ta haife ni sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Kuma ba ta yi boko ba.

"Karanta mini abin da aka rubuta nan."

"Inna, ai kin sani."

"Na ce ka karanta."

Na faɗi sunana da bakina, a hankali, kamar ranar da mushe, malaminmu na lakwal, ya kama ni da satar amsa. Ta ce, "To." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari na tafi bakin tafki. Wani dattijo masunci na jan taru, ledar da ya fito da ita ta fi kifin yawa. Da na yi masa magana sai ya ɗauki wata tarwaɗa ya tsaga cikinta, ya zaro baƙar leda ya miƙo mini.

"Mu mun daɗe muna gani, ɗana. Kai ne dai yau ka gani."

Na kira gayyar shara, har na sa aka yi shela a masallaci. Mutum huɗu suka zo. Muka tara, muka cinna wuta, hayaƙi ya bi ta lambuna, masu lambu suka fito da zagi. Kasuwa ɗaya ta ci, bakin tafkin ya koma yadda yake.

Daga nan na ce na bar sana'ar. Ga inda nake jin kunyar ba ku labari: ban fasa injin ba, sayar da shi na yi. Abokina ne ya saya, wanda muka taso tare tun muna wanka a tafkin nan. Na san sarai ba ado zai yi da shi ba. Yana ɗaure shi a bayan moto, babur ɗinsa, yana dariya, ya ce, "Kai dai ka cika tausayi. In ba ni ba, wani ne zai yi."

Cikin shekara biyu injinansa sun zama uku, ya yi ginin siminti. Ni na koma ban ruwan albasa a lambun kawuna. Na yi ta jiran mahaifiyata ta sa mini albarka. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Ni fa ban ce ka bar abincinka ba."

"To me kika ce, Inna?"

"Ban ce komai ba."

Gaskiyarta, ba ta ce ba.

Da Allah ya yi mata rasuwa, ranar sadakar uku abokina ya aiko da amalanke cike da ruwan leda, gudummawarsa. Jama'a suka yi ta yaba masa. Aka sha, aka yar a tsakar gidanta. Da ya zo gaisuwa na riƙe hannunsa biyu na ce Allah ya saka da alheri, kuma ban yi ƙarya ba, don rana ta yi zafi kuma mutane na jin ƙishirwa. Da aka watse na ɗauki tsintsiya. Buhu uku na cika.

Mutane kan ce mini na yi abin kirki. Ni ban gani ba. Hannuna kawai na cire, ban rage wa tafkin ko leda ɗaya ba. Buhunan nan uku kuwa kwana biyar suka yi a zaure, ina wucewa ina kallonsu, don na rasa inda zan kai su. A ƙarshe na ɗora a kai na kai bayan gari, inda kowa ke kaiwa. Ban kai gida ba iska ta taso.