Dillaliyar da Ta Kushe Zanenta

Jama'a, yau na ga abin mamaki!

Da hantsi Iya Falmata dillaliya ta yi sallama gidanmu da bandar kifi da wani baƙin zane mai sheƙi. Har na tashi ɗauko kuɗin zanen. Sai ta jiƙa yatsa, ta murza zanen, ta nuna min. Shuni zalla!

Ta ce, "'Yata, sheƙin bugu ne kawai, rinin bai kama ba. Wanki ɗaya a kogi zai koɗe."

Na ce, "To Iya, don me kika kawo shi?"

Ta ce, "Mai shi cewa ya yi in zaga da shi. Bai ce in yi ƙarya ba."

Muka fashe da dariya! Matan gidanmu suka saye kifinta kaf. Zanen kaɗai ya koma gida.