Dalilin Da Ya Sa Nake Zuwa Dubiya Da Kwano Biyu

Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu sun fara tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Tunda kun ishe ni da tsiya a kan kwano biyun da nake kaiwa dubiya, yau ga dalili.

A shekarun saba'in ne, lokacin garinmu Abuja ake ce masa, bai zama Suleja ba. Na faɗo daga saman motar doya a hanyar Izom, kaina ya bugu da dutse. Aka ɗauki hoto a asibiti, aka ce ƙashin kai ya tsage.

Da na farfaɗo ko cokali ba na iya riƙewa, ga masifa kamar an aiko ni. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka haka zan ƙare.

Matata Hajara ce ta yi jinyata, ko shekara ba mu yi da aure ba. Ita ke juya ni, ta wanke ni, ta ɗura mini kunu, in zage ta ta ci gaba da hidimata. Akuyarta ma ta sayar aka sayi allurai.

Dangina kuwa sun yi kara. Tun safe Inna da ƙannen babana suke cika gefen gadon da kwanuka, sai magariba su tafi. Kowa "ya jikin?" yake ce mini. Hajara kuwa sai "sannu da ƙoƙari."

Abin da babu wanda ya lura da shi, Hajara ba ta cin abinci a gaban surukai, kuma surukan ba sa tashi. In sun tafi, an riga an raba wa maƙwabtan gado ragowar. Ga ta da cikin fari, kunya ta hana ta faɗa.

Wata rana da hantsi tana riƙe da kwanon sha, ta yanke jiki ta faɗi.

Likita ya auna ta ya ce jininta ya yi ƙasa sosai, cikin na iya zubewa. Ya dubi dangina ya ce, "Naku yana warkewa. Wannan ce ba ta da mai jinya."

Inna ta yi kuka. Ta ɗauko tuwo ta zauna bakin gadon da aka kwantar da Hajara, ta ce, "Daga yau ni ba surukarki ba ce. Sa hannu mu ci."

Aka koma yin karɓa-karɓa, kawuna ya ɗauki nauyin yi mini wanka, Hajara ta samu barci. Na warke, sai ɗan ɗingishi da mantuwa. Alhamdu lillahi.

Don Allah in kun je dubiya, ku gai da mai jinya tukuna. Ku tambaye ta ko ta ci, ku fita ku ba ta wuri ta ci, wani ya karɓe ta ta kwanta.

Cikin nan bai zube ba. Ita ce Asma'u, wadda ke kai ni asibiti yanzu. Kwano na biyun ma ita ke zubawa.