Zanen da Gwaggo Hajo ba ta samu ba

Bana shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Gwaggo Hajo makwancinta a Danwarai, kuma har yau in na tuna abin da muka rufa wa makararta sai raina ya ɓaci. Atamfa ce ta kasuwar Jega, sabuwa fil, ko ruwa ba ta taɓa gani ba. Ba ita Gwaggo ta so ba.

Ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi. Dillaliyar albasa ce mai kaifin baki, wadda direbobin Aliero ke shakkar yi wa wargi. Abu ɗaya take ji da shi a duniya, wani baƙin zanen saƙi da kakarta ta kaɗa zarensa da hannunta. A gidanmu da shi ake lulluɓe makarar mace, a kai ta, a dawo da shi a ninke. Ya rufe kakar, ya rufe mahaifiyar Gwaggo, ita ma ta sha gaya mana layinta take jira.

Da aka ba mu sabuwar jiha, kowane gidan sarauta ya tashi haiƙan neman tarihi. Wani gida a hanyar Maiyama, ba zan kama suna ba, sun san kansu, suka yaɓe tsohuwar ganuwarsu, suka ware soro guda suka ce ɗakin kayan tarihin zuri'a ne. 'Yan aikensu suka bi ƙauyuka suna karɓar tsofaffin kaya, wai aro, manyan baƙi su gani a mayar. Gwaggo ta bayar tana murna. Baƙi suka zo suka tafi, aka cire albasa, aka dasa wata, shiru kake ji.

Da jiki ya fara ƙi mata, ta ce in kai ta ta karɓo kayanta. Na sa ta gaban motar da nake dakon albasa, muka kama hanya da hantsi.

Gidan kam gida ne, ba zan rage masa ba. Zaure bayan zaure, katanga mai kaurin da jaki zai kwanta a kai, ga ƙyauren ƙarfe. A cikin soron an jera takubba da sulke da tsohon tambari. Can kusurwa, kusa da marin da ake sa wa bayi a ƙafa, sai ga zanen an kafe shi a bango da ƙusa. Ƙusa fa!

Mai zagayawa da mu ɗan gidan ne, wani magidanci mai ƙamshin turare. Ya nuna zanen da sanda ya ce, "Wanga na kuyangin gidanga na."

Gwaggo ta ce, "Ɗana, zanen ga nau na. Aro kunka yi, na taho amsa."

Ya tambayi sunan kakarta, ta faɗa. Sai ya yi murmushin da har yau nake gani. "Ashe tamu ta. Nan anka sawo ta. Mi ta mallaka wanda ba namu ba? Ki shiga ki duƙa ki gai da maigida, in ya ga dama shi ba ki."

Na yunƙura, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bayan an 'yanta ta ta kaɗa shi, ɗakin mijinta. Ban duƙa ma kowa bisa kayana. Ku dai cire ƙusar ga, yage shi takai."

Ba su cire ba. Muka dawo gida ba zanen. Kafin damina ta faɗi ta rasu.

Yanzu jikokin gidan nan ne ke cika mana waya da hotunan ganuwa, suna kirarin gadon kakanni, suna kiran jama'a yawon buɗe ido. Da Gwaggo na nan, na san tambayar da za ta yi musu: kakannin wa? Rabin abin da ke soron nan daga ɗakunan talakawa aka kwaso shi, kuma ban ji wanda aka ce wa na gode ba.

A 'yan shekarun nan ruwa ya rusa rufin soron. Sai ga ɗan aike da zanen a cikin leda, gara ta cinye kusan rabi, wai maigida ya ce a kawo mana alheri. Ya gyara tsayuwa yana jiran tukuici. Na ce masa tukuici na kyauta ne, wannan kuwa kayanmu ne, ya gai da gida.

Gwaggo ba ta bar gona ko gida ba. Abin da ta bari shi ne babu ɗan gidanmu da ya sake duƙawa a ƙofar nan. Matanmu sun harhaɗa abin da ya rage na zanen sun ɗinke. Bara da ƙanwata ta rasu muka shimfiɗa shi a makararta, bai kai ƙafa ba, amma da shi muka kai ta.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya sa ta huta. Su kuwa, ni ban yafe ba.