Ranar da Inna Ta Soki Ɗan Farinta

Ko zan manta ranar aurena, ba na jin zan manta ranar da aka yaye yayanmu daga makarantar koyon tuƙin jirgin soja a Kaduna.

Shi ne ɗan fari a gidanmu, mu kuwa mutanen Gwandu ne, inda kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, "wancan" take ce masa. In ya shigo ɗaki, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Bai taɓa kokawa ba, amma na san abin yana cinsa, don duk ranar da ya bugo waya sai ya ce, "Ta tambaye ni?" In ce masa ta tambayi lafiyar garin da yake, iyakar gaskiyar ke nan.

Da bikin ya matso ya kira ni ina Kalgo, inda nake aure. Ya ce an bar kowane ɗalibi ya kawo wanda zai maƙala masa alamar fuffuke a ƙirji. Tunda Baba ya rasu, Inna yake so, in kuwa ba ita ba gara a bar masa rigar haka nan.

Na kai saƙo Gwandu na iske ta tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba ni zuwa. Goggonai ta tahi, ai ita ta rene shi."

"Inna, ke ya ce."

"Mi za ni yi da wancan gaban mutane?"

Washegari na gan ta bakin ƙofa da jakarta. Wai ba wurinsa za ta ba, Kaduna ce ba ta taɓa gani ba.

A filin bikin jirage suka ratsa ta kanmu, kowa ya ɗaga kai, ban da Inna da ke gyaran bakin mayafi. Da aka kira yayana ya fito ya ƙame, sai da na ɗan tura ta kafin ta miƙe, na raka ta har kusa da shi. Aka ba ta alamar, ɗan fuffuken ƙarfe mai tsini a bayansa. Ta kau da kai gefe, ta lalubi ƙirjinsa, ta danna da ƙarfin macen da ta saba daka.

Yayana bai motsa ba, hawaye kawai ke zuba. Babban hafsan da ke gefensu yana ta gyaɗa kai, matan da ke kusa da ni suna "Allah sarki". Ni ma na yi kukana, ban san tsinin ya wuce riga ya shige nama ba.

Ita ta fara jin danshi a yatsa. Ta waiwayo ta ga jini, sannan ta dubi fuskarsa sosai, abin da ban taɓa gani ba. A hankali ta kira shi da sunansa na yanka, na ji da kunnena.

"Kai ba ka da baki? In soke ka, ka yi shiru?"

"Inna, ban so ki ɗauke hannu ba."

Ba ta kuwa ɗauke ba, har sai da aka zo da auduga.

Yau ni ma ina da ɗan fari, kuma ina kunyarsa gaban surukai kamar kowa. Amma ranar nan ta koya mini cewa yaron da ya daɗe yana jiran hannun uwarsa, ko da tsini ya zo ba zai motsa ba. Shi ya sa in muka shiga ɗaki nake kiran nawa da sunansa, kuma ina duba inda nake sa hannu.