Wuƙar Taya da Yayata

Shekarun baya, tun ina ɗinki a gidan mahaifiyarmu a Magaria, ni da yayata muke raba ɗaki ɗaya da tebur ɗaya. Ita ta koya mini taka keke, don haka a wurinta ko na yi furfura ɗaliba ce ni. Ita tana ɗinkin rigunan mata, ni kuma na koma ga guntayen atamfa da ake zubarwa. Nakan yanka su murabba'i, in haɗa su launi da launi, in sa auduga a tsakiya, in ɗinke ya zama bargo. Aikin yana da daɗi, yankan ne azaba. Da almakashi sai in wuni ina yanka, kuma in an zo haɗawa wani ya fi wani tsawo.

Wani ɗan kawunmu da ke zuwa Kano saro kaya ya ga wahalar, sai ya zo mini da wata wuƙa mai zagayayyen baki kamar ƙaramar taya, da koriyar shimfiɗar roba da ake yanka a kanta, da faffaɗan regil na ja layi wanda ake ganin yadi ta cikinsa. Muka sa mata suna wuƙar taya. Ranar da na gwada ta, na ninka atamfa da yawa, na danna regil, na tura ta gaba sau ɗaya, yadin ya rabe ba ko ƙara. Daɗi ya kama ni, tsoro ma ya kama ni. Abin da ya ratsa wannan ninkin ba zai tsaya tambayar yatsa ba.

Na zauna da salula na kalli yadda masu aikin suke riƙe ta har na haddace. A tsaye ake yanka. Gaba ake tura ta, ba a jawo ta wajen ciki. Yatsun hannun da ya danne regil su yi nesa da bakinsa. In ta dakushe a canza bakin, domin mai dannawa da ƙarfi shi wuƙa ke zame wa. Uwa uba, tana da ɗan maɓalli da ke rufe kaifin, kuma duk lokacin da za a ajiye ta, ko don a sosa hanci ne, sai an rufe.

Na kwashe wannan karatu kaf na karanta wa yayata. Ta saurare ni da zare a baki, tana laluben kafar allura.

"Kin gama?" ta ce.

"Yaya, ba wasa nake ba. Ta fi reza kaifi."

"Ke, tun kina tsotson yatsa nake riƙe da almakashi. Abin wasan yaran nan ne zai ba ni tsoro?"

Da ta raina wuƙar ta bar mini abata, da na ji daɗi. Amma ba a jima ba ta gano tana fitar da bakin zane a miƙe, ta mayar da ita tata. Kuma duk abin da na ce kada a yi, shi take yi. A zaune take yanka, tana jawowa wajen cinyarta. Babban yatsanta yana kwance a bakin regil kamar ya zo kallo. Rediyo na magana, ita tana ba shi amsa, idonta na ƙofa. In ta gama sai ta yar da ita a buɗe duk inda hannunta ya kai: kan tebur, kan tabarma, wata rana har cikin kwandon zare.

Na zama mai gadin wuƙa. Ina taka keke ina satar kallon hannunta. Kalmar "Yaya, rufe" ta zama kamar sallama a bakina. Wani lokaci ta rufe da tsaki, wani lokaci ta ce ai yanzu za ta sake ɗauka. Na ɓoye ta a cikin jakata, ta zazzage jakar. Na kai ƙara wurin Inna, Inna ta ce, "Yayarki ce, ki bi ta a hankali." Na ce Inna yatsanta nake jiye mata. Ta ce to Allah ya tsare, ta ci gaba da tsince wake.

Ana haka aka sa bikin ɗiyar gwaggonmu a Sassumbrum, na yi alkawarin barguna biyu na ɗakinta. Na farko ya kusa haɗuwa, na biyu ko yankansa ban gama ba. Wata rana da hantsi ina kan keke, yayata na tebur tana gyara bakin wani zane, sai maƙwabciyarmu ta yi sallama. Yayata ta ajiye wuƙar, ta ture tarin guntayena gefe don ta sami wurin ninke zanen, ta fita gaisuwa. Ban ga lokacin da tarin ya rufe wuƙar ba. Ina neman wani koren ƙyalle da zai cike layi, na miƙe na cusa hannun dama cikin tarin, na damƙo.

Ban ji zafi ba da farko. Wani sanyi na ji a yatsata manuniya, kamar na taɓa ƙarfe. Da na zaro hannun sai na ga jini yana bin tsintsiyar hannuna yana ɗiga kan fararen guntayen da na wuni jiya ina jerawa. Na duba yatsar, na ga naman ya buɗe daga gaɓar tsakiya ya yi ƙasa, na kau da kai.

Yayata ta leƙo. Abin da ta fara cewa, kuma ba zan manta ba, shi ne, "Me kika zubar a kan farin yadin?"

Da ta ga hannun sai ta yi salati, gidan ya cika. Nan fa kowa ya zama likita. Maƙwabciya ta ce a zuba kalanzir. Inna ta nufi murhu ɗebo toka. Yayata ta ɗauko man keke tana cewa da shi take shafa duk wani yankan almakashi. Ni da jini ke zuba, ni ce kuma nake kokawa da mata uku ina ƙwace hannuna. Na samu wani tsabtataccen ƙyalle na naɗe, na matse, na ɗaga hannun sama da kaina kamar yadda na gani a salula, na ce ba abin da zai taɓa ciwon nan, a kira mini kabu-kabu.

A asibiti manjo, wato ma'aikacin jinya, ya wanke wurin, ya yi mini allura, ya ɗinke. Ya ce kaifin ya taɓa jijiya, saura kaɗan ya tsinke ta, kuma in ina son yatsar ta koma aiki kada in kusanci ɗinki sai ya sallame ni. Maganar ta fi allurar zafi. Da wannan yatsa nake tura yadi a ƙarƙashin allura, da ita nake cin abinci na gaske da na sana'a. Ya tambayi me ya yanke ni. Kafin in buɗe baki, yayata da ke tsaye riƙe da mayafina ta ce, "Wata wuƙa ce ta kawo mana gida. Tun ranar farko na ce abin nan ba alheri ba ne."

Na dube ta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Da ba manjo na riƙe da hannuna ba, ban san me zan yi ba.

Da muka koma gida ta ɗauki wuƙar da bakin zane, kamar an kama kunama, ta ce masai za ta jefa ta. Na ce ta ajiye mini abata.

"Yaya, wa ya bar ta a buɗe?"

"Wa ya kawo ta gidan?"

"Sau nawa na ce ki rufe?"

"Ke ma mutum ya dinga cusa hannu cikin kaya ba ya dubawa?"

Inna ta ce mu yi shiru, ƙaddara ce. Na shiga ɗaki na kwanta, yatsa na bugawa, raina na tafasa.

Biki dai bai san da yatsata ba. Bargo na biyu yana nan ba a yanka ba, kuma da almakashi ba zai ƙare a kan lokaci ba. Washegari na tarar yayata ta ture ɗinkin mutanenta gefe, ta ware guntayen da jini ya taɓa ta jiƙa, ta tsaya a gaban tebur da wuƙar a hannu. A tsaye. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "To, sai ki zo ki nuna mini girman da kike so."

Haka muka yi aikin. Ina zaune da hannu a naɗe kamar sandar ganga, ina cewa ja yatsanki baya, tura gaba, rufe. Tana gunaguni tana yi. Ita ta haɗa bargon, ita ta sa audugar, ita ta bi shi da ɗinki layi layi, aikin da ta sha cewa na marasa abin yi ne. A makonnin nan ita take yi mini wanki, ita take ɗaura mini ɗankwali, ita take raka ni wankin ciwo. In an yi tuwo takan gutsura mini shi ƙanana a kwano don in iya ci da hagu. Duk wannan ta yi, amma kalmar "yi haƙuri" ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Na jira har aka kwance zaren ciwon. Aka sa barguna a mota aka kai Sassumbrum, amarya ta yi murna, dangi suka yi ta yaba hannun yayata.

Yatsar ta warke, sai dai ba ta lanƙwashewa har ƙarshe, kuma in an yi sanyi takan yi tsami. Na koma ɗinki na ci gaba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, duk dokokin da na haddace na hannun mai yanka ne, ban taɓa tunanin hannun da zai zo bayansa ba. Wuƙar da aka ajiye a buɗe ba mai ajiyewar take jira ba. Yanzu irin wadda ke rufe kanta da zarar an saki hannu nake amfani da ita, tana da wurinta guda a rataye, kuma ba na damƙar tarin ƙyalle sai na watsa shi na gani. In za ku raba tebur da wani, ku fara daidaita wannan kafin komai, ko da wanda ya goya ku ne.

Yayata yanzu tana Dungas da iyalinta, tana da shago da mata masu koyo. Kwanakin baya na kai mata ziyara, na tarar wuƙar taya har biyu a teburinta. Wata daga cikin matan ta ajiye ɗaya a buɗe, sai na ji yayata ta daka mata tsawa. Raina ya yi fari, na ce ashe magana ta shiga. Sai ta kira ni, ta kamo hannuna ta ɗaga sama, ta ce da su, "Ku dubi yatsar ƙanwata. Shekara da shekaru ina yi mata faɗa a kan wuƙar nan, ba ta ji ba. Ga abin da garaje ya jawo mata."

Matan suka matso suna kallo suna jajanta mini. Wata ta ce ai yanzu na ji jiki, zan dinga jin maganar manya. Na buɗe baki, na dubi yayata, na ga har ga Allah haka ta tuna abin. Na rufe bakina, na juya musu yatsar su ga tabon ta ɗaya gefen.